Rabin layin da ba a cika karantawa ba: yadda hoton nukiliya ke auna cikar zuciya

Idan aka miƙa wa likita takardar sakamakon hoton zuciya, lamba ɗaya idonsa ke fara nema, wato kason fitarwa, wanda ake taƙaitawa da EF. Ma'anarsa, cikin jinin da ya taru a babban ɗakin hagu na zuciya, kashi nawa ne ke fita a bugu guda. In ya ga 60 cikin 100, sai hankalinsa ya kwanta. To amma kusan rabin masu fama da gazawar zuciya, EF ɗinsu 50 ne ko fiye. Suna haki in sun hau bene, ba sa iya barci sai sun tara matasai, ƙafafunsu na kumbura, alhali lamba tana cewa lafiya lau. Ba ƙarya lambar ta yi ba. Abin da aka tambaye ta shi ta amsa, wato yadda zuciya ke matsewa. Yadda take saki ta cika kuwa, babu wanda ya tambaya, kuma a can cutar waɗannan mutane take.

Kowane bugu kashi biyu ne: matsewa, wadda likitoci ke kira sistol, da saki da cika, wato dayastol. Mutumin da ke zaune zuciyarsa na buga 75 a minti, bugu ɗaya na cin milisakan 800 (milisakan 1,000 ne sakan guda). Kusan 300 na matsewa ne, sauran 500 na cika. Ita cikar kuma hawa-hawa ce. Da farko tsoka tana saki alhali ƙofofin ɗakin duk a rufe suke, matsin ciki na faɗuwa amma ko ɗigon jini bai shiga ba. Da zarar matsin ɗakin ya yi ƙasa da na zauren da ke samansa, inda jinin huhu ke taruwa yana jira, sai ƙyauren mitiral ya buɗe, jini ya kwararo da gudu. A wannan ɗan taƙin ne mafi yawan cikar ke faruwa a zuciyar matashi. Daga nan sai a ɗan yi tsit, matsin zaure da na ɗaki sun zo ɗaya. A ƙarshe zauren ya matse ya ƙara tura abin da ya rage, kimanin kashi ɗaya cikin biyar, ko fiye da haka ga tsofaffi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, saki ba hutu ba ne. Aiki ne mai cin ƙarfi. Kafin zaren tsoka ya saki ɗan'uwansa, dole a kwashe sinadarin kalsiyam daga cikin ruwan ƙwayar halitta a mayar da shi ma'ajiyarsa, kuma famfon da ke wannan kwasa, SERCA2a, da makamashin ATP yake aiki. Shi ya sa gawa ke sandarewa: makamashi ya ƙare, tsoka ta kasa saki. Shi ya sa kuma idan jinin da ke ciyar da tsokar zuciya ya ragu, saki ne ke fara lalacewa, kafin matsewa ta raunana, kafin layin ECG, na'urar da ke zana lantarkin zuciya, ya canza, kafin ma ciwon ƙirji ya zo. Bayan jinkirin saki akwai matsala ta biyu, taurin bango. Hawan jini na shekaru, ciwon suga, tsufa, tabon tsohuwar toshewar jijiyar zuciya, duk suna sa bangon ya yi kauri ko ya cika da zare mai tauri. Ɗakin da ya yi tauri zai karɓi jini, amma sai an tura da ƙarfi, kuma wannan ƙarfin yana komawa baya ne ya taru a zaure, daga nan ya kai huhu. Hakin da majiyyaci ke yi daga nan ya samo asali.

Yadda ake sa jini ya yi haske

Hanyar nukiliya ta asali wajen wannan awo ita ce wadda aka fi sani da MUGA. Tushenta na komawa ga kyamarar gama da Hal Anger ya ƙera a Berkeley a 1957, da kuma aikin William Strauss da Barry Zaret da Bertram Pitt da abokansu a Johns Hopkins, waɗanda a 1971 suka nuna za a iya auna EF ba tare da an zura bututu cikin zuciya ba. Dabarar ita ce a mayar da jinin mutum abin da kyamara ke gani. Ana fara yi masa allurar wani gishirin kuza, wanda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini. Bayan minti 20 ko makamancin haka sai a ba shi teknetiyom-99m, ya shiga ƙwayoyin ya maƙale. Ana iya yin haɗin a cikin jiki, ana iya yi a kwalba sannan a mayar da jinin, kuma na kwalba ya fi kamawa. Teknetiyom-99m na fitar da hasken gama mai ƙarfin 140 keV, rabinsa na gushewa duk awa 6.

Sai a kwantar da mutum, a karkata kyamara ta gaban ƙirji daga hagu, wajen digiri 45, har sai an ga bangon da ya raba ɗakin hagu da na dama sarai. A haɗa shi da ECG. Duk sanda tsinin R, wato dogon tsinin da ke fitowa a layin ECG a farkon kowane bugu, ya bayyana, kwamfuta ta san sabon bugu ya fara, sai ta yanka bugun gunduwa-gunduwa, ta zuba hasken da ya zo a kowane lokaci cikin gurbinsa. Bugu ɗaya ba shi da hasken da zai isa hoto, don haka ana tara ɗaruruwan bugu a kan juna har a sami bugu guda na matsakaici.

A nan kyawun hanyar yake, kuma ina ganin har yau babu wadda ta fi ta sauƙin hujja. Tunda hasken ya gauraye da jini ko'ina daidai, yawan hasken da ke fitowa daga ɗakin hagu yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da yawan jinin da ke ciki. Ba sai an ɗauka cewa ɗakin siffar ƙwai gare shi ba, ba sai an auna tsawo da faɗi an yi lissafi ba. Ƙirga kawai ake yi. In aka zana ƙirgar a kan lokaci, sai a sami layi mai gangarowa sannan ya hau. Gangarowar ita ce matsewa, daga gare ta ake cire EF. Hawan shi ne cika. Na'ura ta riga ta zana duka biyun, amma a mafi yawan rahotanni rabin farko kaɗai ake karantawa.

Daga rabi na biyu ana fitar da lambobi, biyu daga ciki su ne manya. Ta farko ita ce ƙololuwar saurin cika, PFR a taƙaice, wato wurin da layin ya fi miƙewa sama a lokacin kwararowar farko. Ba da mililita ake faɗinta ba, ana raba ta ne da cikakken girman ɗakin, don a iya gwada babbar zuciya da ƙarama. Misali, ɗakin da ke ɗaukar mililita 120 in ya cika, idan PFR ɗinsa 2.5 ne, ana nufin a daidai wannan ƙiftawar jini na shiga da saurin mililita 300 a sakan. Ta biyu ita ce lokacin da ake ɗauka daga ƙarshen matsewa zuwa wannan ƙololuwa. Zuciyar da ke jinkirin saki, ƙololuwarta gajeriya ce kuma a makare take zuwa. Akwai masu ƙara duba yawan abin da ya shiga a sulusin farko na lokacin cika, da kuma kason da zaure ya tura a ƙarshe, wanda ke ƙaruwa in ɗaki ya gaza tsotsar jini da kansa.

Wanda ya fito da darajar waɗannan lambobi shi ne Robert Bonow da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka da ke Bethesda. A 1981 suka wallafa binciken da ya nuna kusan tara cikin goma na masu toshewar jijiyoyin zuciya suna da matsalar cika ko suna hutawa, har da da yawa daga waɗanda EF ɗinsu lafiya yake. Iyakokin da suka yi amfani da su, PFR ƙasa da 2.5 ko lokacin kaiwa ƙololuwa sama da milisakan 180, su ne har gobe ake ambato. Bonow ya kuma yi amfani da wannan awo wajen masu cutar kaurin tsokar zuciya ta gado, ya nuna maganin verapamil na gyara cikar. A wancan zamani, kafin awon gudun jini da eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sautin da kunne ba ya ji, ya bazu, wannan babbar taga ce aka buɗe.

Inda lambar ke zamewa

PFR ba ta da haƙurin EF. Ita EF tana buƙatar wurare biyu ne kawai a layin, sama da ƙasa. PFR kuwa saurin canji take aunawa, don haka duk ɗan kuskure a layin sai ya ninku a cikinta.

Abu na farko shi ne yawan gunduwa. Koma ga bugun milisakan 800. In aka yanka shi 8, kowace gunduwa milisakan 100 ce. Kwararowar farko gaba ɗayanta ba ta cika wuce milisakan 200 ba, ke nan gunduwa biyu kacal za su wakilce ta, ƙololuwar ta narke a tsakaninsu, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. In aka yanka 16, milisakan 50 ke nan, an fara ganin siffa. In aka yanka 32, milisakan 25, a nan ne awon ke da ƙarfi. Sai dai kowace ƙarin gunduwa tana rage hasken da ke cikin kowacce, layi ya yi ta rawa, dole a tsawaita lokacin ɗauka. Sannan ana daidaita layin da lissafin Fourier kafin a cire sauri. In aka goge shi da yawa ƙololuwa ta baje, in aka bar shi da rawarsa kwamfuta ta ɗauki hayaniya a matsayin ƙololuwa.

Na biyu, bugun zuciya ba agogo ba ne. Wani ya ɗan fi wani tsawo, kuma bambancin kusan duk a ɓangaren cika yake. Da yake ana jera bugun ne daga tsinin R, farkonsu na haɗuwa daidai, ƙarshensu kuwa ya watse. Gajerun bugu ba sa kaiwa gurbin ƙarshe, sai ƙirga ta faɗi a can, turin zaure ya ɓace ko ya karkace. Maganinsa shi ne a zubar da duk bugun da ya kauce wa matsakaici da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ko a adana kowane haske da lokacinsa sannan a jera rabin ƙarshe ta baya, daga tsinin R na gaba. Ga mai karkarwar zaure, wanda bugunsa ba shi da tsari ko kaɗan, awon cika ta wannan hanya ba abin dogaro ba ne.

Na uku, ko da na'ura ta yi aikinta tsaf, lambar tana bin abubuwan da ba cuta ba. Tana raguwa da shekaru, har lafiyayyen ɗan shekara 70 na iya faɗawa ƙasa da 2.5 ba tare da komai ya same shi ba. Tana ƙaruwa in bugu ya yi sauri, kuma in ya wuce wajen 100 a minti kwararowar farko da turin zaure sukan haɗe su zama tudu ɗaya. Tana bin EF ma, domin ɗakin da ya fitar da kaɗan, kaɗan zai mayar. Rahoton da ya ba da PFR bai faɗi shekaru da saurin bugu da yawan gunduwa ba, a wajena bai kammala ba.

Duk waɗannan ana iya kiyaye su. Akwai wanda ba a iya kiyayewa, shi ne babban gibin hanyar: kyamara tana ganin jini na shiga, amma ba ta ganin ƙarfin da ya turo shi. Jini na iya shiga da sauri saboda dalilai biyu masu kishiyantar juna. Ko dai ɗaki ya saki da kyau ya tsotso shi, ko kuma matsi ya taru a zaure har ya banko shi da ƙarfi cikin ɗaki mai tauri. A farkon cuta, saki na jinkiri, PFR ta faɗi, awo ya kama ta. Da cuta ta yi nisa, matsin zaure ya hau, sai PFR ta koma daidai kamar an warke. In ta ƙara tsanani ma sai ta wuce daidai, jini ya faɗo da gudu ya tsaya cak. Wanda ya fi kowa jin jiki shi ne zai iya zuwa da lamba mafi kyau. Haka ma mai yoyon ƙyauren mitiral, zaurensa a cike yake, PFR ɗinsa na hawa.

Wannan ne ya sa eko ya karɓe ragamar fannin, kuma ya cancanta. Shi ma yana faɗawa tarkon nan in gudun jini kaɗai ya duba, amma yana da hanyoyin fita. Yana auna saurin motsin tsokar kanta, wanda ba ya gyaruwa don matsi ya hau. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin masana eko na Amurka da Turai suka fitar a 2016 sun haɗa alamomi kamar rabon gudun kwararowar farko (E) da saurin sakin tsoka (e') sama da 14, girman zauren hagu sama da mililita 34 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, da gudun yoyon ƙyauren dama sama da mita 2.8 a sakan. Ga shi babu haskawar nukiliya, ana yin sa a bakin gado. In kuma shakka ta ƙi ƙarewa, alƙali shi ne bututun da ake zurawa ta jijiya a auna matsi kai-tsaye: 15 ko fiye a ma'aunin milimitar zaiba yayin hutu, ko 25 yayin motsa jiki. MUGA kuwa tana ɗora wa jiki haskawar nukiliya wajen milisibat 5 zuwa 8, alhali abin da mutum ke samu daga muhalli a shekara, a matsakaicin duniya, tsakanin 2.4 da 3 ne. Ba zan goyi bayan a yi wa mutum MUGA don awon cika kaɗai ba matuƙar eko na ba da hoto mai kyau.

Ɗan abin da nukiliya ke iya hangowa na matsi ta bayan gida yake zuwa. A gwajin motsa jiki da taliyom-201, idan huhu ya sha sinadarin da yawa, har haskensa ya haura rabin na zuciya, alama ce matsi ya taru a bayan ɗakin hagu lokacin wahala. Tsofaffin ma'aikatan fannin sun san nauyin wannan alama.

To ina amfanin awon a yau? Mafi girmansa yana cikin hoton da aka riga aka ɗauka don wani dalili. Ɗimbin mutane ake yi wa SPECT, hoton nukiliyar da kyamara ke ɗauka tana zagaya jiki, don duba isar jini ga tsokar zuciya, da sinadarin sestamibi ko tetrofosmin, kuma kusan duka ana haɗa su da ECG. Manhajoji irin su QGS, wadda Guido Germano da abokansa suka samar a Cedars-Sinai a Los Angeles, suna bin iyakar bango su fitar da layin girma. In aka ɗauka da gunduwa 16 maimakon 8, lambobin cika na fitowa ba tare da ƙarin allura ba. Sai dai iyakokinsu daban ne da na MUGA. Binciken Akincioglu da abokansa na 2005 ya sa iyakar PFR a wajen 1.7, lokacin kaiwa ƙololuwa kuma a wajen milisakan 217. Wanda ya ɗauko 2.5 ya ɗora wa SPECT zai mayar da lafiyayyu da yawa marasa lafiya. Ban da wannan, akwai waɗanda eko ba ya ratsa ƙirjinsu sosai saboda ƙiba ko cutar huhu, da masu karɓar magungunan daji irin su doxorubicin da ake bibiya da MUGA saboda sakamakonta ba ya yawan sauyawa daga awo zuwa awo. A irinsu, mutum ake gwadawa da kansa na watannin baya, don haka matsalar shekaru ba ta shigowa, kuma an lura cika kan fara raguwa kafin EF ta motsa.

Ruwa ba ya tsami banza

Inda nukiliya ta fi kowa a yanzu ba wajen faɗin cewa zuciya ta yi tauri ba ne, wajen gano abin da ya taurara ta ne.

Ɗaya daga ciki shi ne ƙananan jijiyoyin jini da ba sa fitowa a hoton manyan jijiyoyi. Da PET, wani nau'in hoton nukiliya, ta amfani da rubidiyom-82 ko amoniya mai naitirojin-13, ana auna ainihin yawan jinin da ke ratsa tsoka yayin hutu da kuma bayan an buɗe jijiyoyi da magani. In na bayan magani bai ninka na hutu sau 2 ba alhali manyan jijiyoyi a buɗe suke, ƙananan ne suka gaza. Viviany Taqueti da abokanta a Boston sun nuna a 2018 cewa irin waɗannan mutane sun fi samun matsalar cika, sun kuma fi kwanciya asibiti daga baya da gazawar zuciya mai lafiyayyen EF. Wannan ya dace da abin da aka faɗa tun farko, cewa saki makamashi yake ci.

Ɗayan kuma, wanda ya fi taɓa ni, shi ne amiloyid. Wani furotin da hanta ke yi, tiranstayiretin, yakan warware ya dunƙule ya kwanta tsakanin zaren tsoka, bango ya yi kauri ya sandare. Shekara da shekaru ana ɗaukarsa cuta mai wuyar gani, tsofaffi da yawa suka rasu ana cewa hawan jini ne ya kaurara musu zuciya. Sai aka gane cewa sinadaran hoton ƙashi masu teknetiyom, PYP da DPD da HMDP, suna maƙalewa a irin wannan zuciya. Enrica Perugini da abokanta a Bologna suka tsara ma'auni a 2005, daga 0 zuwa 3, ana gwada hasken zuciya da na ƙashi. A 2015 wani bincike a Madrid ya sami cutar a kashi 13 cikin 100 na 'yan shekara 60 zuwa sama da aka kwantar da gazawar zuciya mai lafiyayyen EF da kaurin bango. Akwai nau'in tsufa, akwai na gado, kuma wani sauyin ƙwayar gado mai suna V122I yana jikin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka. Tun da gwajin maganin tafamidis ya nuna a 2018 cewa yana rage mutuwa, gano cutar da wuri ya zama maganar tsawon rai.

A 2016 Julian Gillmore na cibiyar amiloyid ta Landan da abokansa daga ƙasashe da dama suka tabbatar cewa haske mai daraja 2 ko 3 ya isa a yanke hukunci ba sai an yanko tsoka ba, amma bisa sharaɗi ɗaya. Akwai wani amiloyid ɗin daban, wanda ake kira AL, da ke fitowa daga ƙwayoyin ɓargo, shi ma wani lokaci yakan haska a hoton. Ya fi saurin kisa, maganinsa kuma irin na cutar daji ne. Don haka dole a gwada jini da fitsari a tabbatar babu furotin ɗin da ke nuna shi. Sannan a ɗauki SPECT, kada a tsaya ga hoton fuska ɗaya, don a tabbatar hasken a bangon tsoka yake, ba jinin da ke cikin ɗaki ne ke haskawa ba. In gwajin jini ko na fitsari ya nuna wani abu, hoton bai isa ba komai haskensa, sai an haɗa da likitan jini an yanko tsoka an duba.